Shekarar da Na Wanke Gilashin Alhaji Mamman

Hadiza, Bashir, Rakiya, Sanusi, da duk jikan da wannan takarda za ta shiga hannunsa: akwai magana biyu da ake faɗa a kaina cikin dangi, kuma duka biyun ba haka suke ba. Ta farko, wai bayan rasuwar mahaifinku na ƙi bin yayana Isuhu zuwa Dawce don na ɗanɗana zaman gari na raina ƙauye. Ta biyu, wai wata Baturiya ce da ta sauka a Matameye ta koya mini sirrin wanke gilashi. Ni ban taɓa zama da Baturiya ba ko na yini ɗaya. Na yi shiru shekara da shekaru don ba na son ku tashi da ƙullin kawunku a zuciya. Yanzu gwiwoyina sun ƙi durƙuso, shi kuma Allah ya yi masa rasuwa, sai na zaunar da Rakiya na ce ta rubuta abin da zan faɗa, kuma kada ta gyara mini magana ko da ta ga ta karkace.

Mahaifinku tela ne a bakin kasuwa, kun sani. Ciwon kwana tara ya ɗauke shi a tsakiyar hunturu. Ya bar mini ku huɗu, da gidan nan mai ɗaki uku, da keken ɗinki, da buhun ƙyallaye a bayan ƙofa, da kuma mahaifiyarsa, Iya, wadda idonta ya riga ya mutu saura kaɗan, ba ta da sauran ɗa a duniya. Ranar da na fita takaba Yaya Isuhu ya zo daga Dawce ya zauna a tabarmar tsakar gida ya shimfiɗa mini shirinsa. Zai ba ni ɗaki a gidansa, ya yanka mini gona, Bashir ya shiga noma tare da 'ya'yansa. Wallahi don ƙauna ya faɗa, ba don mugunta ba. Amma ban ji ya ambaci karatun Hadiza ba, wadda a lokacin ta kusa gama kwaleji, ban kuma ji ya ambaci Iya ba, alhali tana zaune a bakin ƙofarta tana jin komai. Na ce ya ba ni zuwa kaka in yi shawara. Da ya tafi sai Iya ta ce da ni, ba tare da ta juyo ba:

"Rabi, ki bi ɗan'uwanki. Ni tsohuwa ce, ko zauren masallaci ya ishe ni."

"Iya, in kika sake faɗin haka ba zan dafa miki kunu ba yau," na ce mata.

Ta yi dariya, ni kuwa na shiga ɗaki na yi kuka.

Cikin wannan sati wata maƙwabciyarmu ta ce Alhaji Mamman, mai fataucin rake da gyaɗa, yana neman mace mai shara a masaukinsa da ke kan hanyar Kance. Masauki ne mai ɗaki takwas, ya gina shi don fatake da ma'aikatan da ke wucewa tsakanin Damagaram da kan iyaka. Alhaji mutum ne mai son abu mai kyau. Ya taɓa sauka a wani otel a Kano ya ga wurin wanka da aka kewaye da gilashi, ya dawo ya ce shi ma sai irinsa. Kowane ɗaki an yi masa makewayi da karo, wato tayil, a ƙasa da bango, wurin wankan kuma an rufe shi da gilashi biyu, ɗaya a kafe, ɗaya ƙofa, dukansu cikin firam na farin ƙarfe. An ce lokacin da aka sa su mutane har daga unguwanni suke zuwa kallo. Ni ban riski wannan zamani ba. Sa'ad da na fara aiki gilasan sun shekara uku, sun yi fari fat kamar an watsa musu ƙullu an bar shi ya bushe. Ruwan masaukin daga foraj yake, wato rijiyar da aka haƙa da inji, kuma ruwa ne mai nauyi, duk inda ya ɗiga ya bushe sai ya bar farin tabo. Kullum nakan wanke gilasan da sabulu. In suna jiƙe sai su yi garau, in ce to na gama. Kafin in share ɗaki na gaba sun bushe, farin ya dawo kamar yana mini dariya. Daga baya na daina damuwa. Na ɗauka tsufa ne, irin furfura, ba ta da magani.

Wata biyu ina wannan aiki, damina ta yi nisa, sai ga wata mata ta zo da mota daga Damagaram. Madam Fati ake ce mata, babbar ma'aikaciyar lafiya ce, doguwa mai tabarau. Tana neman wurin da za ta sauke abokan aikinta na wata shida, kuma tana son ɗakunan duka. Laminu, ɗan ƙanen Alhaji wanda ke kula da masaukin, ya riƙa binta yana washe baki. Ta duba gadaje ta gyaɗa kai, ta duba gidan sauro ta gyaɗa kai. Da ta shiga makewayi sai ta tsaya. Ta sa yatsa ta shafa gilashin, ta dubi yatsan, ta dube ni ina tsaye da tsintsiya.

"Ke ce mai wankewa?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Wannan fa?"

"Ba ya fita, Madam. Kullum ina wankewa."

"Mu aikinmu shi ne mu shiga ƙauyuka mu ce wa mutane su yi tsabta. Ba zan kwantar da mutanena inda za su yi wanka suna ƙyanƙyami ba. Nan da kwana goma zan dawo. In na same shi haka, sai mu nemi wani wuri, ko da za mu riƙa zuwa daga Damagaram kullum."

Tana fita Laminu ya juyo kaina, ya ce lalacina ne ya jawo, ya ce zai nuna mini yadda ake aiki. Washegari ya zo da soson ƙarfe da ruwan batir a kwalba, ya shiga ɗaki na ɗaya ya rufe ƙofa. Ba a jima ba ya fito yana tari, idanunsa jawur, hannun rigarsa ya huhhuje. Da iska ta sha ɗakin muka shiga. Farin ya ragu a wasu wurare, amma soson ya kakkarce gilashin kamar kaza ta yi tono a kai, firam ɗin ya yi baƙi, har simintin da ke tsakanin karo ya ɓurme. Alhaji ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo, hannunsa a baya. Ba mai faɗa ba ne. Abin da ya ce kawai shi ne, sabon gilashi ba zai iso cikin kwana tara ba, kuma masaukin ya gaji da shi, baƙi sun ragu. In waɗannan ma suka kuɓuce, zai rufe shi ya mai da ɗakunan sito ya zuba buhunan gyaɗa. Buhun gyaɗa kuwa ba ya bukatar mai shimfiɗa masa gado. Na dawo gida ran nan ina jin kamar motar Dawce ta riga ta tsaya a ƙofarmu.

To ga yadda abin ya zo, ku saurara da kyau, don nan ne ake sa Baturiya. Akwai wani kwanon silba da ake ɗibar ruwa da shi a masaukin, cikinsa ya yi farin ɓawo har Laminu ya jefar da shi, ni kuma na tsince shi na kawo gida. Washegari da safe kafin in fita na jiƙa tsamiya a cikinsa don kunun Iya. Da na dawo bayan azahar na juye tsamiyar zan tace, sai na ga cikin kwanon yana ƙyalli. Daidai inda ruwan tsamiyar ya kai ya wanke tas, sama da nan kuwa ɓawon yana nan, layin a miƙe kamar an ja da zare. Na yi salati da ƙarfi har Iya ta tambaya ko kunama ce. Na miƙa mata kwanon, ta zagaya cikinsa da yatsa, ta ji santsi a ƙasa da kaushi a sama.

"Wannan ne ya sa ki salati? Rabi, ke ba ɗiyar Inna Mariya ba ce? Da me uwarki take wanke tasoshin amare har mutum ya ga haƙoransa a ciki?"

Gaskiyarta. Mahaifiyata a Dawce ita ake kira in za a yi jeren amarya, ta zauna da tsamiya da toka ta mai da tsohuwar tasa sabuwa. Ina yarinya na sha tsame mata tsamiyar, amma ban taɓa haɗa wannan da gilashin Alhaji ba, don a ganina gilashi kayan Turawa ne, maganinsa ma sai a kwalbar Turawa. Hadiza tana gefe tana karatu, ta ɗago ta ce an koya musu a lakol, wato makarantar boko, cewa abu mai tsami yana narkar da irin wannan farin, don ɗan'uwan farar ƙasa ne. Iya ta ce to ashe lakol ma tana sanin wani abu.

Da la'asar na je shagon Alhaji na durƙusa a bakin ƙofa. Laminu yana wurin. Na ce ina roƙon a ba ni ɗaki ɗaya da kwana uku, in gwada tsamiya. Laminu ya kwashe da dariya har yana dafa buhu.

"Kunu za ki dama wa gilashi, Rabi? A kawo miki gero?"

Alhaji bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce:

"Kin taɓa gwadawa?"

"A kan kwano kawai, Alhaji."

"In bai yi ba, zai ɓata mini shi kamar na ɗaki na ɗaya?"

"Abin da muke sha ne, Alhaji. In bai gyara ba, ba na jin zai ɓata."

"Ɗauki na takwas."

Ranar farko na sha kunya. Na jiƙa tsamiya na tace, na shafa wa gilashin da tsumma, na koma gefe ina jira. Ruwan ya gangare ƙasa kafin ya yi komai, abin da ya rage ya bushe ya yi danƙo, ƙudajen unguwar duka suka taru a ɗaki na takwas, kiyashi suka yi layi ta ƙarƙashin ƙofa. Da na ɗauraye, farin yana nan, sai ɗan zane-zane inda ruwan ya bi. Laminu ya leƙo ya ce Allah ya ba da sa'a, baƙin farko sun iso. Na koma gida ban ci abinci ba. Ina zaune ina kallon hannuna sai tunanin lalle ya zo mini. Lalle ba ya kama fata in an shafa an bari. Sai an kwaɓa da kauri, an ɗaure, an ba shi lokacinsa. A cikin kwano tsamiya ta zauna ne tun safe har azahar. A jikin gilashi kuwa ba ta samu wurin zama ba. Na tashi na jawo buhun ƙyallayen mahaifinku daga bayan ƙofa, wanda tun rasuwarsa ban iya buɗewa ba. Na zazzage shi a tabarma. Ga guntun shaddar da ya ɗinka wa Bashir ta salla, ga atamfar sunan Sanusi. Na zaɓi masu laushi, na auduga, na ɗaure su a zane.

Rana ta biyu na sake tsari. Na lura cewa a kan farin akwai wani maiƙo na sabulu da dattin jiki, wanda ya hana tsamin isa inda ake so. Sai na fara wanke gilashin da ruwan zafi da garin sabulu, na ɗauraye. Na kwaɓa tsamiyar da kauri, na matse lemon tsami a ciki, na tace da rariya don kada ƙwallo ko tsakuwa ta shiga ta karce. Na tsoma ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya ina liƙa su a jikin gilashin tun daga sama, suka manne da kansu, har wurin wankan ya koma kamar rigar mahaukaci, ja da shuɗi da kore. Bakin firam na kare shi da busasshen tsumma don kada tsamin ya zauna a kai. Na rufe taga saboda ƙuda da iska. Daga hantsi har azahar ina tsaye, duk ƙyallen da ya fara bushewa in yayyafa masa. Sa'an nan na ɓare guda ɗaya a tsakiya, na murza wurin da soson yayi mai laushi, irin wanda muke wanka da shi, na ɗauraye da ruwan saman da na tara a bokiti, don na san ruwan foraj shi ne mai laifin. Na goge da busasshen zane na tsaya ina jira ya bushe, don na san yaudarar jiƙaƙƙen gilashi. Ya bushe. Wuri kamar faɗin faifai ya tsaya garau, ina hango layin karo na bangon baya ɗaya-ɗaya. Na jira farin ya dawo. Bai dawo ba. Na zauna a ƙasan makewayin nan na yi ta hamdala, ba na jin ko a ɗakin haihuwa na yi irinta.

Ba duka ya fita lokaci ɗaya ba. Sama ya fi sauƙi. Ƙasa, inda ruwa ya fi fantsama, sai da na maimaita sau uku, wani wurin sau huɗu. Inda ya taurare na bi shi da tokar karan gero da na tace ta mayafi har ta yi laushi kamar hoda, na fara gwadawa a kusurwa, na murza a hankali. Yammacin rana ta uku na kira Alhaji. Ya shiga, ya tsaya, ya cire hularsa ya mayar. Ya ce wa Laminu ya je kasuwa ya sayo duk tsamiyar da Rabi ta ce, kuma ya ɗauko ta da kansa.

Saura kwana biyar, saura ɗaki shida. Na riƙa liƙa wa ɗaki biyu tare, ina kai da komo tsakaninsu. Tsami ya cinye mini hannu, yatsuna suka tsattsage, in na tsoma su sai in ji har ƙwaƙwalwa. Iya takan shafa mini man kaɗe in na dawo, tana mita wai na zama kuturwa saboda gilashin wani.

Ranar kasuwa, ina ɗaki na huɗu a durƙushe, na ji sallamar da na sani. Wani ɗan Dawce ne ya kai wa Yaya Isuhu labarin irin aikin da nake yi, shi kuma ya zo ya gani da idonsa. Ya tsaya a ƙofar makewayin da babbar rigarsa. Ya dubi masan da ke gefena, ya dubi tsummokaran, ya dubi hannuna.

"Rabi, tashi."

Na tashi na gaishe shi. Ya tsallake gaisuwar ya ce:

"An ce mini shara kike yi, na haɗiye. Ashe makewayin ƙattai kike wankewa. Ubanmu ya mutu ba wanda ya taɓa nuna gidansa da baki. Ina raye, ina da rumbu, ƙanwata tana durƙushe inda baƙi ke tsarki?"

"Yaya, aikin halal ne. Hadiza saura mata kaɗan. Kuma Iya fa?"

"Iya tana da danginta."

"Ba ta da kowa sai mu."

"Motar Dawce tana tashi bayan la'asar. Ki kwaso yaran. In ba ki cikinta, kada ki ƙara kirana yaya."

A nan ne na yi abin da har yau nake jin nauyinsa, kuma ina so ku san laifina kamar yadda kuka san nasa. Yana cikin magana idona ya kai kan gilashin, na ga ƙyallayen sama sun fara bushewa, in suka bushe aikin rabin yini ya tafi. Sai na juya na ɗauki kwano na fara yayyafa musu. Ban yi don raini ba, hannuna ne ya riga hankalina. Amma shi abin da ya gani shi ne ƙanwarsa ta ba shi baya yana magana. Da na waiwayo babu kowa a ƙofa. La'asar ta yi, na ji kiran salla, na san mota ta tashi, na ci gaba da murza.

Na gama ɗaki bakwai ana gobe Madam za ta dawo. Ɗaki na ɗaya na gwada masa duk abin da na sani, farin ya fita amma karcen soso ba ya da magani. A ƙasan gilashi biyu ko uku ma akwai ɗan dishi-dishi da ya riga ya ci jikin gilashin, in ka shafa ba ka jin komai amma yana nan. Na nuna wa Alhaji duka, na ce wannan ya fi ƙarfina. Ya sa aka cire na ɗaki na ɗaya aka rataya labule.

Madam Fati ta iso da hantsi. Ta fara da ɗaki na takwas, muna biye da ita, Alhaji da Laminu da ni can baya. Ta shiga makewayi da saurinta, ta nufi wurin wanka za ta duba kan famfo. Sai muka ji ƙum! Goshinta ya daki ƙofar gilashin, tabaranta ya karkace. Ta ɗauka a buɗe take. Ta dafa goshi, ta miƙa hannu ta taɓa gilashin, sai ta fashe da dariya har tana jingina da bango.

"Alhaji, ashe sabo ka sa!"

"Ba sabo ba ne, Madam."

Laminu ya matso ya fara cewa ai mun yi ƙoƙari ne, mun bi dabaru. Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Rabi ce. Ita kaɗai, da tsamiya."

Madam ta sa na matso, ta sa na faɗa mata yadda na yi tun daga farko, ba ta katse ni ba. Ta bi ɗakunan duka. A na ɗaya ta tambayi labule, aka gaya mata gaskiya, ta ce ita za ta ɗauki wannan. Sa'an nan ta kama hannuwana ta juya su ta ga tsagar. Ta aika direbanta mota ya kawo safar hannu ta roba da man shafawa. Ita ce ta ce mini binegar, ruwan tsamin nan da ake sayarwa a kanti, yana yin aikin tsamiya kuma ba ya kiran ƙuda, ta kuma ja kunnena cewa kada in kuskura in haɗa abu mai tsami da ruwan jabel, wato bilicin da ake faranta kaya da shi, hayaƙinsu yana iya kashe mutum a rufaffen ɗaki. Wannan shi ne duk abin da wani ya koya mini, kuma Bahaushiya ce 'yar Damagaram.

Suka zo suka zauna wata shida, suka ƙara uku. Wankewa kuwa ashe rabin aikin ne, don ruwan foraj bai sake hali ba. Na gane cewa tabon ba ya samuwa sai ruwa ya bushe a jikin gilashi. Na je garejin bakin tasha na roƙi tsofaffin robobin da ke share gilashin mota, na yanka su, na ɗaura wa kowace guntun katako, na rataya ɗaya a kowane wurin wanka. Na bi baƙin ɗaya-ɗaya na nuna musu: in ka gama wanka, ka ja ruwan daga sama zuwa ƙasa, ka bar ƙofa a buɗe iska ta shiga. Waɗansu suka riƙa yi, waɗansu sai na bi bayansu. Kowace Alhamis in fesa binegar da aka sirka da ruwa, in ɗauraye, in goge. Har na bar masaukin nan ban sake liƙa ƙyalle a waɗannan gilasan ba.

Labari ba ya kwana a Matameye. Alhazan da suka yi sababbin gidaje duk suna da irin wannan ciwo a ɓoye, matansu suka fara aikowa. Daga nan sai Kance, sai Ɗan Barto, har aka riƙa turo mota daga Damagaram. Aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, na ɗauki mata biyu da mazansu suka rasu na koya musu. Laminu da kansa ya zama mai kai mini saƙo, kuma bai sake yi mini maganar kunu ba. Hadiza ta gama karatunta, ku ukun kuka bi bayanta. Iya ta yi shekara biyar bayan nan, ta cika a ɗakinta, a gidan ɗanta, kanta a kan cinyata.

Amma Yaya Isuhu ya cika maganarsa. Shekara shida bai taka gidan nan ba. Na aika masa goron bikin Hadiza, aka dawo mini da shi ba a kwance ba. Kun tambaye ni ran nan ina kawu, na ce muku ba ya jin daɗi. Ƙarya na yi, ku yafe mini.

Bayan rasuwar Iya na shiga mota na tafi Dawce ba tare da na aika ba. Na same shi a gindin bishiyar ƙofar gida yana tufka igiya, gemunsa ya yi fari. Na durƙusa nesa kaɗan.

"Yaya, na zo neman gafarar bayan da na ba ka kana magana. Wannan laifina ne. Amma zaman da na yi a Matameye, ba zan nemi gafararsa ba, don ko yau aka sake haka zan yi."

Ya ci gaba da tufkarsa, har na fara tunanin in tashi. Can ya ɗaga murya ya kira matarsa.

"Ku shimfiɗa wa ƙanwata tabarma, ku kawo mata ruwa."

Na sha ruwa, muka yi gaisuwar mutuwa da ta haihuwa, duk na shekara shida. Da rana ta karkata na yi shirin komawa, ya rako ni har bakin hanya, abin da bai taɓa yi ba. Yana ta gyaran murya. Sai da muka hango mota ya ce, yana kallon wani wuri:

"Akwai ɗiyar Habu maƙwabcina, Sa'a. Mijinta ya rasu bara, yara uku, gonar ba ta ciyar da su. Tana da hannu, ba ta da ƙyuya. In akwai wuri a wurin aikin nan naki, ki tafi da ita."

Na ce masa ta ɗauro kayanta, zan sa direba ya jira.